Kujerar da Na Zaɓa wa Yaya Sani

A watan nan Yaya Sani ya cika shekara bakwai da rasuwa. Sai da na lissafa sau biyu, don ban yarda da lissafin farko ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa in kai masallacinmu na Lanham, kusa da Washington, a yi masa addu'a, in dawo gida in wanke tukwane. Mutane sukan tambaye ni ko har yanzu ina jin zafin rashinsa, in ce musu e, tunda abin da suke son ji ke nan. Amma ba zafi nake ji ba. Abin ya fi kama da ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta: ka san tana nan, in ka taɓa ba ka jin komai. Haka nake tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha biyu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba, sai Auta. Shi ya fara barin Zariya ya zo Amurka, ya yi tuƙin tasi sama da shekara ashirin a titunan Washington, shi ya ɗauko ni ya tsaya a kaina har na zama ma'aikaciyar jinya. Tuƙin ya cinye masa gwiwoyi, ciwon zuciya ya zo ya ƙarasa. A shekarunsa na ƙarshe ba ya iya tsayuwar da ta wuce minti biyu. Amma wa ya isa ya faɗa a gabansa? Likita ya ba shi sanda, ya jefa ta bayan mota, ya sayi wata doguwar lema baƙa yana dogarawa, ko da hadari ko babu. In na yi magana sai ya ce, "Auta, ke kin san lokacin da ruwan garin nan zai sauko?"

Ɗansa ɗaya ne, Kamal, haifaffen nan. Yaya ya buga ƙwallo a Zariya yana saurayi, kuma shi ya koya wa Kamal bugu a filin ajiye motoci na bayan gidajen da suke haya. Da yaron ya girma sai ya karkata ga ƙwallon Amurkawa, wanda ake runguma a hannu ana gudu ana ka da juna. Yaya bai taɓa ganin darajar wasan ba, kokawar ƙarti yake kiransa. Abu ɗaya ya sa ya haƙura: a cikin ƙartin nan akwai mutum guda da aikinsa shi ne buga ƙwallon da ƙafa ya wuce tsakanin wasu dogayen sanduna biyu, kuma wannan aikin Kamal ya samu a ƙungiyar jami'arsu. Sai dai shi na jiran ko-ta-kwana ne, akwai wanda ke gabansa. Shekara huɗu yana sa kaya yana zama a benci, bai taɓa bugawa ba. Ana saura mako biyu wasansu na ƙarshe a gida, mai horar da su ya ce masa in hali ya yi zai ba shi bugu ɗaya kafin ya gama makaranta. Yaya bai taɓa shiga filin ba. Ya kira ni ya ce, "Auta, ki samo mana wuri."

A cikin motarsa na kira ofishin tikiti, yana zaune a gefena, muryar matar da ta ɗauka tana fita kowa yana ji. Mace ce mai kirki. Ta tambaye ni mu nawa ne, na ce biyu. Sai ta ce ko a cikinmu akwai mai wahalar tsayuwa ko hawan matakala, don suna da wuraren da suka tanada. Na saci kallon Yaya. Ya kafe idonsa a kan titi kamar ba ya ji. Ni da nake wuni ina yi wa marasa lafiya faɗa kan ɓoye ciwo, ni ce na buɗe baki na ce mata babu. Ta yaya zan zayyana wa baƙuwa gazawar yayana a kan idonsa? Na kuma ƙara da cewa ta ba mu can ƙasa, kusa da fili, gaba-gaba. A wurinmu ai babba a gaba yake zama, a ɗaurin aure ne ko a walima, ba a kai dattijo bayan taro. Na ajiye wayar ina jin na yi abin kai. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye.

Ranar Asabar ce da rana, ana sanyi mai shiga ƙashi. Tun daga ƙofa na fara ganin aikina. Wurinmu yana ƙasa, sai an sauka matakala mai tsawo, Yaya yana sauka ɗaya bayan ɗaya, lema a dama, kafaɗata a hagu. Da muka isa, ba kujeru ba ne, dogon bencin ƙarfe ne marar majingina. Kuma ashe gefen ɗalibai na zaɓa mana. Ana busa usur suka miƙe gaba ɗaya, wasu har kan bencin suka hau, ba su sake zama ba. Ba rashin kunya suka yi ba, al'adar wurin ce, kowa ya sani sai ni. Yaya ya miƙe sau biyu a farko, ya koma ya zauna yana haki. Daga nan abin da yake gani bayan rigunan mutane ne kawai, ko babban allon da ke nuna wasan a tsaye ake hango shi. Na ce bari in nemi ma'aikata su canja mana wuri. Ya dubi matakalar da muka sauko, ya dubi jama'a, ya ce, "Zauna, Auta. So kike a ɗauke ni kamar buhu a gaban mutane?" Na zauna. Kusan awa uku muka yi a haka, ni ina miƙewa ina leƙawa ina gaya masa abin da ban gane ba.

Gab da tashi aka kira sunan Kamal a lasifika. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗage a kan yatsun ƙafa, na sami 'yar kafa tsakanin kawuna biyu, na ga komai. Na ji ana jan gefen rigata, na ɗauka cunkoso ne. Sai da ihu ya cika filin na juyo, na tarar da Yaya ya dafa lemar da hannu biyu, ya ɗago rabi, gwiwoyin sun ƙi. Hannuna yake nema, ni kuma ina can ina kallo. Ya koma ya zauna a hankali.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Yaya."

"To gaya mini. Kada ki tsallake komai."

Na gaya masa. Kamal ya ja da baya taku uku, ya matsa gefe taku biyu. Da ya zo bugawa ƙafarsa ta hagu ta ɗan zame, ƙwallon ya tashi kamar zai bi sandar dama, sai ya lanƙwaso ya shige. Yaya ya sa na maimaita sau biyu, yana gyaɗa kai kamar mai ɗaukar hadda. Sannan ya ce, "Wannan tsakanina da ke ne." Ya gyara hularsa.

Bayan an tashi Kamal ya same mu a bakin ƙofa, gumi yana zuba duk da sanyin. Kafin ya yi magana Yaya ya riga shi. "Ƙafarka ta hagu ta zame. Sau nawa na ce maka ka kafa ta kafin ka saki ta dama?" Ƙaton yaron nan ya tsaya baki buɗe, sai ya rungume ubansa yana kuka, yana cewa da Turanci, ashe ka gani, har wannan ka gani. Shekara biyu Yaya ya ƙara a duniya, kuma ba taron suna ko zaman bayan Juma'a da bai ba da labarin bugun nan ba, har yana kwatantawa da lema yadda ƙwallon ya lanƙwasa. Ina zaune ina jin maganata tana fita daga bakinsa. Bai taɓa ce mini kin yi kuskure ba, ko da wasa, shi da ke tsokanata a kan gishirin miya. Babba juji ne, aka ce. Da ya zage ni sau ɗaya wataƙila da na samu na yi kuka.

Yanzu ni ma na kama hanyar sittin, shekarun tsayuwa a asibiti sun fara karɓar hakkinsu a gwiwata. Na koyi abin da ya kamata in sani tun wancan lokacin, a makare. A filin ƙwallon jami'a gaba ba ita ce gaba ba ga wanda ba ya iya tsayuwa. Layin farko na bene ya fi, inda ba kowa a gabanka sai ƙarfen kariya, ko duk duniya ta miƙe kana gani daga zaune. A nemi bakin hanya kusa da ƙofar shiga, a tambayi yawan matakala da inda lif, na'urar hawa bene, yake, a tambaya ko kujerar tana da majingina, a nisanci gefen ɗalibai da masu kaɗe-kaɗe. Akwai kuma wuraren da aka keɓe wa masu lalura, har da kujerar ɗan rakiya. Duk wannan matar ofishin tikitin nan ta so ta gaya mini a cikin minti ɗaya. Yau ma a waya ake nuna maka hoton abin da za ka gani daga kujerarka kafin ka saya. Nakan yi tunanin me Yaya zai ce in ya ga haka. Na san zai ce, "To in an riga an nuna maka, me za ka je yi?" Kuma da ya ga layin kujerun da ke masallacinmu yanzu, dattawa sun jeru ba mai jin kunyar wani, ni ma ina da tawa a ɓangaren mata, zai yi dariya ya ce duk mun zama 'yan majalisa. Ban sani ba ko zai yarda ya zauna a cikinsu.

Bara da kaka Kamal ya ce zai kai ni kallo tare da matarsa da 'yarsa Hauwa, wadda ba ta riski kakanta ba. A falona ya kira ofishin tikiti, ina zaune, ya ce musu gwaggonsa ba ta iya tsayuwa sosai, kamar mai faɗin ranar mako. Na ji kunya ta rufe ni har wuya, minti ɗaya, ta wuce. Iyakar abin da na kasa jawo wa Yaya ke nan, kunyar minti ɗaya. Aka ba mu layin farko na bene, lif ya kai mu har kusa, na zauna na jingina. Daga can fili a shimfiɗe yake kamar tabarma. Kamal ya ɗaga Hauwa ya nuna mata can ƙasa inda ɗalibai suke tsaye, ya ce daga can kakanki ya ga na buga. Na bi yatsansa da kallo. Daga sama ko makaho ya san wanda ya zauna a wurin ba abin da zai gani.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, matar Kamal ta ja Hauwa sayen abinci. Sannan na gaya masa, ban yi kwana-kwana ba. Na ce Babanka bai gani ba. Ni na zaɓi wurin, an tambaye ni na ce lafiyarsa ƙalau, kuma da lokacin ya zo na miƙe na bar shi. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina karanta wa likita bayanin marar lafiya. Ya daɗe yana kallon fili. Na shirya wa fushi, na shirya wa kuka. Can ya juyo, ya bar Turanci, ya lalubo Hausarsa mai tuntuɓe.

"Gwaggo, to wa ya ga ƙafata ta zame?"

"Ni ce."

"Baba ya tambaye ki?"

"Sau biyu ya sa na maimaita."

Ya gyaɗa kai irin gyaɗawar ubansa. Ya ce, "To namu ya gani." Da Hauwa ta dawo ya karɓi gyaɗarta ya ci, muka kalli sauran wasan.

Na saɓa alkawarin Yaya, kuma yau na ƙara saɓawa a jarida. Allah Ya yafe mini, shi ma in yana da hakki ya yafe. Na rubuta ne saboda na san akwai wata a garuruwan da ke kusa da mu, Silver Spring ko College Park, da za ta ɗauki waya a kakar nan, mahaifinta ko yayanta yana gefe yana kallon titi, a yi mata irin tambayar da aka yi mini. Ki ce e. Zai ɓata rai, ya huce kafin ku isa gida.

In na auna abin da Yaya ya bari, ba yawa. Motar an sayar, gidan haya wasu ne a ciki, bugun kansa ba wanda ke tunawa da shi sai ni da Kamal. Abin da ya saura shi ne na tashi rufa masa asiri na hana shi ganin ɗansa, shi kuma ya rufa mini nawa shekara biyu, a gaban kowa, yana dariya. Lemar tana wurina, a bayan ƙofa. Makon jiya na ɗauke ta zan je masallaci, maƙwabciyata ta leƙo ta dubi sama ta ce ai ba hadari. Na ce mata na sani, gwiwa ce.

Allah Ya jiƙan Yaya Sani, Ya ba shi wurin da ba mai tsaya masa a gaba.