Mai Sharar Ɗakin Sauraro

Karo na uku ke nan ina maimaita darasin sauraron Turanci a jami'a, amma sai yau na lura da mai sharar ɗakin. Dattijuwa ce gajera, silifas ɗinta ƙafa ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Tana goge taga, mu kuwa mun kasa kunne, lasifika na zubo hirar wata Baturiya da wani mutum.

Bakin dattijuwar na motsi. Na matsa kusa. Turancin take yi tiryan-tiryan, kuma tana riga Baturiyar! Inda Baturiya za ta yi tari ma, ta riga ta yi nata.

Ikon Allah! Ko malama ce da duniya ta juya wa baya?

Ana tashi na tare ta. "Mama, a ina kika yi karatu?"

Ta matse tsumma a bokiti. "Karatu? Ɗan nan, ko sunana ban iya rubutawa ba. Shekara sha tara ina sharar ɗakin nan, kaset ɗin bai taɓa canzawa ba."

"To, me suke cewa?"

"Oho. Na dai ji baiwar Allah tana cikin damuwa. Kai da kake jami'a, me ya same ta?"

Na buɗe baki. Wallahi ban sani ba.