Ranar da gabas ta koma yamma

Mun tashi da asuba daga Abbasiya, unguwarmu a Alƙahira, za mu filin jirgi, masu sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, ma ba su gama kafa tukwanensu ba. Mai tasi sai "yalla, yalla" yake yi mana, wai mu yi sauri, kai ka ce shi jirgin zai bari. Ni da abokin ɗakina ne, ɗan arewacin Indiya, can ƙasar duwatsu da ake kira Ladak. Tare muke karatu a Alƙahira, tare muke cin koshari, haɗin shinkafa da taliya mai araha, idan aljihu ya yi sanyi.

Jama'a, bari in faɗa muku abin da ya kai Bakano irina can. Mahaifiyar abokina ta rasu bara muna tsakiyar jarrabawa. A gidan mabiya Buddha aka haife ta, ta musulunta ta auri mahaifinsa, tun daga nan yayanta, wanda ya keɓe kansa ga ibada a wani tsohon gidan bautarsu, bai ƙara yi mata magana ba. Kafin ta cika ta bar wasiyya a kai masa busasshen mishmish, wani ɗan itace mai zaƙi da ƙwallo a ciki, na bishiyar tsakar gidanta, wadda ta shuka da ƙwallon da ta taho da shi daga gidan iyayensu. Duk gidan an rasa mai zuwa. Abokina ya ce zai je, amma yana tsoron a kore shi a bakin ƙofa, ya roƙe ni in raka shi. Na sha wahalar biza har na kusa cewa khalas, na haƙura, Allah dai ya yi zan je.

Daga Delhi muka hau ƙaramin jirgi zuwa Leh, babban garin Ladak. Ina sauka na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, don garin yana can ƙololuwar duwatsu inda iska ba ta isar mutum. Ni da nake taƙama da ƙwallo a filin unguwa, matakalar masauki ta gagare ni sai da na zauna a tsakiya. Muka huta, muka wuce garinsu abokina muka ɗauki saƙon a ƙullin farin ƙyalle, sannan muka shiga motar haya zuwa kwarin Zanskar, inda kawun nasa yake. Kuɗin motar ya fi abin da nake kashewa a metro, jirgin ƙasan Alƙahira, wata guda, amma da na ga hanyar sai na ce direban ma ya yi mana ragi. Dutse a hagu, rami a dama, kogi can ƙasa kamar zare, shi kuwa yana tuƙi da hannu ɗaya yana waƙa. Duk addu'ar da na haddace sai da na karanta ta.

Mutanen kwarin akwai kirki. Kowa ka haɗu da shi sai ya ce "jule", ita ce sannu, ita ce na gode, ita ce sai an jima. A wani ƙauye aka ba mu shayinsu, gishiri da man shanu ne a ciki, babu sukari. Ni kuma an koya mini a gida ba a raina abin da aka ba baƙo, sai na runtse ido na shanye. Matar gidan ta sake cikawa. Na sake shanyewa, ta sake cikawa tana murna. Sai da cikina ya fara ƙugi abokina ya raɗa mini cewa a nan ƙoƙon da babu komai a ciki roƙon ƙari ne. Mugun ya sani tun farko, ya zauna yana kallona.

Inda mota ta ƙare muka bi ƙafa. Gidan bautar yana manne a jikin dutse, fararen ɗakuna kan juna, an ce ya yi ɗaruruwan shekaru. Ciki duhu, ƙamshin turare da man fitila, zane-zane a bango da launinsu bai mutu ba. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta sake ba. Na cire takalmi, ban rusuna wa komai ba, kuma babu wanda ya nemi in yi.

Aka kai mu wurin kawun. Tsoho ne siriri cikin jan mayafi, kansa a aske. Abokina ya durƙusa ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya faɗi rasuwar, ya ajiye ƙullin a gabansa. Tsohon bai taɓa ƙullin ba, bai ce uffan ba. Muka zauna har ƙafata ta yi sanyi. Abokina ya tashi ya fita, na ga yana share ido da hannun riga. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata mun sha wannan hanya a banza.

La'asar tana neman wucewa, wayata mai nuna mini alƙibla ta mutu, kaina yana sarawa. Na yi alwala da ruwan da ya kusa tsinke mini yatsu, na sami wani ɗan fili a bayan ɗakunan na shimfiɗa rawanina. Kun san mu Hausawa, gabas da alƙibla abu ɗaya ne a bakinmu, a Masar ma kusan haka ne. A garuruwan da muka baro sahu kawai nake bi a masallaci. Sai na ba rana baya, na ɗaga hannu zan yi kabbara.

Na ji an dafa kafaɗata. Tsohon ne. A hankali ya juya ni har na fuskanci rana mai faɗuwa, ya ja rawanin ya daidaita shi da hannunsa. Sai a lokacin na tuna Makka tana yamma da mu. Ya yi magana da yarensu, abokina da ya zo ya tsaya a bayanmu ya fassara mini.

"Ya ce nan ƙanwarsa take kallo. Ya taɓa zuwa ƙofar gidanmu tana amarya, ya hango ta tana salla, ya kasa shiga. Tun daga ranar, kullum da yamma nan yake zama ya kalli can."

Muka yi sallarmu ni da abokina, tsohon yana zaune a gefe. Da muka sallame na ga ƙullin a cinyarsa, ya kwance shi. Ya ci mishmish ɗaya, ya goge ƙwallon ya sa a cikin mayafinsa, sannan ya kama kan ɗan ƙanwarsa ya haɗa goshinsa da nasa. Na kau da kai, don ni ma idona ya cika.

Mun dawo Alƙahira lafiya, zafi da hon ɗin motoci suka tarbe mu, wallahi har daɗinsu na ji. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direban nan da matar mai shayi, na gode wa tsohon da ya gyara mini alƙibla alhali ba tasa ba ce. Abin da na koyo shi ne in daina saurin yanke wa mai shiru hukunci. Baiwar Allah nan ta rasu tana zaton yayanta ya juya mata baya, ashe duk yammacin duniya wuri ɗaya suke kallo. Daren da muka iso na kira yayata da muka daɗe ba ma ga maciji, ta ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara.