Lallen Tanti Safiatou

Kafin rana ta yi zafi, Tanti Safiatou Jibo takan bar unguwar Bukoki ta haye gada zuwa unguwar Harobanda, inda take aikin jinya a wata makarantar sakandare. Tun daga bakin ƙofa take soma aiki. Duk saurayin da ya shigo a kan moto kai ba hular kwano sai ta tare shi: "Ɗana, kana da wani kan a gida ne?" Tsokanarta ta yi abin da bulala ta kasa.

Amma lallenta ne ya sa nake wannan jinjina. Kowace Laraba takan kwaɓa shi a ɗakin magani ta kira ƴan mata. Malamai sun sha gunaguni, wai an mayar da wurin allura gidan biki. Ita kuwa ta san mai son lalle dole ta naɗe hannun riga, dole kuma ta zauna sai ya kama. Zama kuwa shi ke kawo hira.

A shekarun baya ta sa ido a kan Ramlatu, ɗaliba mai surutu da ta koma shiru, ta janye daga ƙawaye, ta fara rabar da ƴan kayanta. Ranar da yarinyar ta miƙo hannu, Tanti ta ga raunukan da ta ji wa kanta, sabo kan tsoho. Ba ta rafka salati ba. Ta sallami sauran cikin dabara, ta ci gaba da zane.

"Ƴata, kina tunanin kashe kanki ne?"

Ramlatu ta ce, "Tanti, na gaji."

"Na ji ki. Ba zan ɓoye wa mamanki ba, amma tare za mu faɗa mata."

A gida uwar ta ce sangarta ce, kawu ya ce iska ce. Tanti ta ce, "A yi addu'a, a kuma ga likita. Ciwo ne, kuma yana da magani." Da ƙafarta ta raka su asibiti, ba ta kuma daina leƙa gidan ba har yarinyar ta dawo da surutunta.

Tanti, ke ce uwa ba da nono ba. Ke kika koya mana cewa tambaya ba ta halaka yaro, kau da kai ne ke cinye shi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Iyaye da malamai, ku ma ku samo naku lallen, duk abin da zai zaunar da yaro kusa da ku har ya buɗe baki.

Bana Tanti ta yi ritaya. Ranar bankwana Ramlatu ta zo da goyo a baya da ƙwaryar lalle a hannu, ta zaunar da ita ta shiga zane. Tanti ta yunƙura za ta tashi ta gaida baƙi, Ramlatu ta riƙe hannunta.

"Zauna, Tanti. Bai kama ba tukuna."