Ranar da Yayata ta Cire Filta

Shekarun baya, ina ajin farko na sakandare a Tsafe, yayata ta fara sa bidiyon kuli-kulinta a waya. Daga Bilbis ake kawo mata gyaɗa. Ita ke suya, ita ke matse mai, ita ke murza kulin siriri kamar ɗan yatsa. Ni aikina riƙe waya, don ko sallama aka ce in yi a bidiyo sai muryata ta maƙale.

Ba ta nuna fuskarta, hannunta kawai ake gani a kan faranti. Mu kuwa baƙaƙe ne a gidanmu, ga hannun Yaya ya sha wuta. Sai masu sharhi suka sa shi gaba. Wata ta rubuta, "Baiwar Allah, a riƙa shafa mai mana." Yaya ta yi dariya, amma na lura ta fara jan hannun rigarta yana rufe har bayan hannu.

Wata ƙawarta ce ta nuna mata filta, abin nan da ke haska fata a bidiyo. Hannu ya yi fes, mabiya suka ƙaru. Sai dai filta ba ta san hannu daban, kuli daban ba. Kulinmu mai duhu ya koma launin biskit. Na ce, "Yaya, kulin ma ya yi fari." Ta ce, "Ke dai riƙe wayar da kyau."

Ana haka wata Hajiya mai shago a Gusau ta ce a aika mata babban bokiti, in ya yi mata za ta riƙa ɗauka duk mako. Irin cinikin da Yaya ta daɗe tana roƙon Allah ke nan. Muka kai wa direba a tasha. Washegari bokiti ya dawo a cike, ga saƙon murya: "Ɗiyata, ba wanga na gani ba. Kin ƙona abu kin aiko mani."

Mahaifiyarmu tana tankaɗe ta ce, "Kin wanke hannu a waya, kin wanke kuli. Mi kike so ta ce?"

Da hantsi Yaya ta kira ni ta ce in kashe filtar. Ta zauna a tsakar gida inda rana ke dukan faranti, ta naɗe hannun riga.

"Jama'a, wanga shi ne hannuna, haka Allah ya yi shi. Wanga kuma kulina. Duhun nan ba ƙuna ba ne, citta ce da yaji da suya ta biyu." Ta karya ɗaya a bakin waya, ya ce ƙaras. "Wancan da kuka saba gani waya ce ta yi ƙarya, ni kuma na bar ta. Ku yafe mani."

Ita muryarta ko rawa ba ta yi ba. Muka sa bidiyon haka nan, ba filta.

Wasu mabiyan suka gudu, masu tsiya suka ci gaba da tsiyarsu. Yaya ta tura wa Hajiya bidiyon, ta haɗa da ɗan ƙullin ɗanɗano ta hannun direba. Muka ji shiru har na fid da rai. Ran nan muna ɓarar gyaɗa waya ta yi ƙara, muka ji ana tauna kafin a yi magana.

"Ke, ina bokitin nan nawa? Kada ki ba kowa."

"Yana nan, Hajiya. Amma fa bai ƙara haske ba."

"Aiko shi haka nan, ja'ira."

Yanzu kulinta har Bungudu ake kai shi, maƙwabta mata uku ke taya ta murza. Ina yawan tuna hantsin nan. Har yau ban san inda ta samo zuciyar neman gafara a gaban mutanen da ke yi mata dariya ba, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.