Shekarar da Yaya Ya Daina Jira

Yayana bai taɓa buɗe baki ya ce mini ba shi da lafiya ba. A gidanmu na Damagaram ba a faɗin irin wannan magana. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi. Ni ta bakin gardamar ƙwallon kwando na gane kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma har yau in watan Yuni ya kama sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ya riga ni zuwa Faransa da shekaru masu dama. Farkon zuwansa karatu a wani ɗan ɗaki ya zauna a Bobigny, a gefen Paris, sanyin farko kuwa ya same shi ba shi da rigar kirki. Ya shiga wajen ƴan bosho, masu sayar da kayan gwanjo, ya sayi wata jibgegiyar rigar sanyi mai tambari a baya. Bai san ko na mene ne ba, shi dai ɗumi yake nema. Sai ya ga duk inda ya bi samarin unguwa na nuna shi suna dariya. Da ya tambaya, aka ce masa ai tambarin wata ƙungiyar ƙwallon kwando ce ta Amurka, kuma duk cikin ƙungiyoyin babu wadda ta kai ta shan kashi. Yaya ya ce to shi ke nan, tunda rigarsu ta rufa masa asiri, shi ma ba zai guje su ba. Mutumin da bai taɓa taka Amurka ba, bai taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ba, aka wayi gari in yana maganar ƙungiyar nan "mu" yake cewa.

Mai goyon bayan ƙungiyar da ba ta cin wasa biki ɗaya gare shi a shekara. Kowane ƙarshen Yuni ƙungiyoyin can sukan zauna su zaɓi sabbin ƴan wasa cikin matasan da suka taso, wannan ta ɗauka, waccan ta ɗauka. Daraf ake ce wa abin. Tsarinsu kuwa, waɗanda suka fi shan kashi su ake bari su fara zaɓe. Wannan ya burge Yaya ƙwarai. Yakan ce a gidanmu in an kasa nama babba ke fara ɗauka, ga wasu mutane sun ce a bar marar ƙarfi ya fara. Tun daga watan Mayu ba shi da zance sai na wa za mu ɗauka. Akwai wani dandali a intanet inda Faransawa masu son wasan ke kwana suna hasashe, shi ma yakan shiga ya rubuta musu dogon bayani kamar mai rahoton aiki.

Shi ya tsaya gaban Baba har aka bar ni na zo karatu. Lokacin da na sauka a Saint-Denis, kusa da Paris, shi ya riga ya samu aiki a wani ɗakin bincike a Lyon, ya yi aure, suna zaune can saman wani dogon bene a Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon ɗin. Kowace Lahadi bayan la'asar nakan kira wayar gidansa. To, ya girme ni sosai, kuma ba mu saba hira ba. Mu gaisa, ya tambayi karatu, in ce lafiya lau, in tambayi yara, ya ce suna nan, sai shiru. Rannan don ya kashe shirun ya ce, "To, wa kike ganin za mu ɗauka bana?" Na amsa masa da ka, ya ƙaryata ni, ni kuwa ba na son a kayar da ni a magana. Na je na yi ta karatu a kan yaran da ban san su ba, don kawai in dawo in rama. Haka na shiga, ban kuma fita ba.

Gardamarmu guda ce, kowace shekara sai dai ta canja riga. Ni mai gajen haƙuri ce, kowa ya sani, don haka kullum cewa nake a ɗauki wanda ya riga ya nuna, ya shigo yau ya yi aiki yau. Yaya kuwa ɗanyen yaro yake so, dogo siriri wanda bai gama sanin inda ƙafafunsa suke ba, a raine shi shekara huɗu.

"Sannu ba ta hana zuwa," haka yake rufe maganarsa kullum.

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ƙarasa masa.

"Ke dai Allah ya shirye ki. Ke ma ai ɗanya shataf na ɗauko ki daga Damagaram, ga shi ina ta jira."

Shekarar da nake ba da labari ita ce ta ƙarshe a digirina na dokta. An riga an sa mini lokacin sutenans, wato ranar da zan tsaya gaban malamai in kare aikina, a ƙarshen shekara. Tun lokacin sanyi Yaya ya kafa mini doka, kada in zo Lyon hutu, in zauna in gama rubutu. Ban kawo komai a raina ba, don halinsa ne. A shekarar ƙungiyarmu ta sha kashi yadda ya kamata, muka samu zaɓe cikin na farko-farko, kuma duk masu hasashe sun tsaya kan yara biyu. Ɗaya ya gama jami'a, jikinsa ya cika, ya san wasa. Ɗayan bai kai ashirin ba, tsawo kamar gora, ana cewa in ya nuna babu kamarsa, in kuwa bai nuna ba an yi asara.

Wata Lahadi cikin Mayu na shirya hujjojina tsaf na kira shi. Ban ma fara ba ya ce, "A ɗauki babban."

"Wane babban?"

"Wanda ya gama jami'a. Shi zai iya wasa bana."

Wallahi guɗa na rangaɗa a ɗakina, har maƙwabciyata ta buga bango. Na ce yau ga Yaya ya sauko layina, a rubuta a ajiye. Na ce, "To ina sannu ba ta hana zuwan?"

Ya ce a hankali, "Sai dai a daɗe ba a je ba." Ya ƙara da cewa, "Shekara huɗu da yawa, ƙanwata. Ina so in ga sun ci wani abu."

Na ajiye waya ina jin daɗin nasara. Sai washegari, ina tsaye cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na layi goma sha uku, an matse ni ta ko'ina, maganar ta dawo mini. Shekara huɗu da yawa? A bakin Yaya? Mutumin da ya shuka ƙwallon mangwaro a gwangwani a barandar Rillieux, yana cewa wata rana zai kai shi gida ya dasa? Na sauka a tashar da ba tawa ba, na kira wayar hannun matarsa. Haifaffiyar Lyon ce, iyayenta mutanen Tahoua, kuma ba ta iya ɓoye abu kamar mu ba. Ko gaisuwa ban gama ba na ce ta gaya mini me ke damun Yaya.

"Bon, to," ta ce. "Ya hana ni faɗa miki. Ya ce sai kin gama."

Ciwon daji ne a hanta. Tun sanyi aka gano, kuma likitoci sun daina maganar warkewa.

A ranar na hau jirgin ƙasa. Da na shiga falon na same shi zaune kusa da taga, ana zafi amma yana cikin tsohuwar rigar boshon nan, ta yi masa yawa kamar ta aro. Idanunsa sun yi rawaya. Na durƙusa zan gaishe shi, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Wa ya ce ki zo?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Haba Yaya! Da sai dai a kira ni jana'iza ke nan? Ni ba ƴar'uwarka ba ce?"

"Da kin gama aikinki hankali kwance," ya ce. "Abin da na kawo ki yi ke nan. Gobe ki koma."

Na ce ko Baba ne ya taso daga Damagaram ba zan koma ba. Ya ce taurin kaina zai kashe shi kafin ciwon, matarsa ta ce mu ji tsoron Allah mu duka biyu. A ƙarshe na ajiye kwamfutata a kan teburin kicin, muka yi sharaɗi: zan zauna, amma kowace yamma sai na nuna masa abin da na rubuta. Ya riƙe sharaɗin nan da gaske. Ran da na yi lalaci sai ya juya fuska bango ya ƙi yi mini magana.

Azumi ya shigo cikin dogayen ranakun bazarar Turai. Bai iya yi ba, kuma na ga wannan ya fi ciwon ci masa rai. Bayan azahar, in maganin ya ɗan sake shi, sai mu koma kan gardamarmu, amma yanzu mun yi musanyar wuri. Shi yana kare babban, ni kuma na tsinci kaina ina kare ɗanyen yaron da ƙarfina duka. Ba don na yarda da shi ba. In na ce a ɗauki babban, to na yarda ke nan Yaya ba shi da shekara huɗu, ni kuwa ban shirya yarda ba. Nakan ce masa, "Za ka ga yaron nan ya nuna da idonka, in sha Allahu." Shi kuma ya ce in sha Allahu, irin yadda ake faɗa wa ƙaramin yaro don ya yi barci.

Lokacin da ake zaɓen a Amurka nan mutane na barci. A da yakan zauna ya jira, amma a shekarar ba shi da ƙarfi. Ya ce kada in kuskura in duba sai muna tare. Da hantsi na dama masa kunu, na ɗora kwamfuta a kan cinyarsa, muka buɗe.

Ɗanyen suka ɗauka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zagi shugabannin ƙungiyar, mutanen da ba su san ina duniya ba, na ce marasa imani ne, ba su da tausayi, shekara da shekaru mutum na bin su abu ɗaya ya roƙa sun hana shi. Ni da na yi wata guda ina kare yaron! Kuka nake sosai, ina azumi, ban damu ba. Yaya kuwa yana ta kallon ɗan bidiyon zaɓen, yaron ya hau dandamali cikin kwat da hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, an ɗora masa hular ƙungiyar, uwarsa ta rungume shi ko ƙirjinsa ba ta kai ba. Ya mayar da shi baya ya sake kallo.

"Zauna," ya ce. "Sun yi daidai. Su ba sauri suke ba, ni ne mai saurin." Ya ɗan huta, don magana ta fara yi masa wuya. "Dubi hannun nan. Ki ba shi shekara huɗu. Kuma kada ki zage shi a ta farko, na san bakinki."

Kafin Sallar Layya Allah ya karɓi abinsa. Muka binne shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan Lyon, kamar yadda ya nema, don yaransa su riƙa zuwa. Babin ƙarshe na aikina ya ga rabinsa. Ranar sutenans matarsa ta zo Paris da yaran suka zauna a layin gaba, da aka ce na ci kowa ya tashi yana tafi, ni dai ina tsaye ina kallon ƙofa.

Yaron kuwa, a shekarar farko na zage shi, Allah ya yafe mini. Ƙwallo na zamewa daga hannunsa, ana ture shi yana faɗuwa. A ta biyu ya ji ciwo a gwiwa, ƴan dandalin nan suka yi ta rubuta cewa an yi asara, na shiga da sunan Yaya na ce musu su yi haƙuri. A ta uku ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A ta huɗu, wata safiyar Lahadi, na duba sakamako na ga shi kaɗai ya ɗauki ƙungiyar a ka, ya shigar da ita zagayen manya da ta daɗe rabonta da shi. Masu sharhi na ta cewa babu wanda ya hango haka. Na yini ina zagaye ɗaki, na rasa inda zan sa kaina.

Bayan la'asar na ɗauki waya na buga lambar gidan Rillieux, ban ma yi tunani ba. Matarsa ta ɗauka, ina jin hayaniyar yaran a bayanta.

"Ya nuna," na ce mata. "Yaron ya nuna."

"Wane yaro?" ta ce.

Na ce babu komai, na tambaye ta ya yara.