Barewar da ta Cinye Yakuwar Hajiya

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwar da na zauna a Madina, ba na jin zan manta da ranar da barewa ta cinye min yakuwa. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, ni ma in taya, amma a ranar har ƙasa na zauna na yi kuka.

Aikina a lokacin kula da wata tsohuwa ne a Awali, a wani gida mai gonar dabino a bayansa. Bahaushiya ce, tana goye iyayenta suka shigo da ita ƙasar, 'ya'yanta kuwa in ta yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Tun da aka sallamo ta daga mustashfa, wato asibiti, ta ɗaura yaƙi da abinci. A kawo shinkafa da kaza, ta kau da kai. Ɗan madara da dabino kawai ke riƙe da ita, kullum sai ƙara zubewa take. Likita ya faɗa wa ɗanta ƙiri-ƙiri, in aka ci gaba a haka sai an mayar da ita an sa mata roba ta hanci, ita kuma ta rantse ba mai sake kwantar da ita a can.

Wata safiya ina shafa mata mai ta ce, "'Yar nan, kin san abin da raina yake so? Miyar yakuwa, mai tsamin nan, irin ta uwata."

Zoɓo kam ga shi nan tuli a kasuwa, amma ɗanyen ganye na nema har na gaji. Allah ya taimake ni wata 'yar garinmu ta zo Umra, ta taho min da iri. Ƙasar bayan gidan gishiri gare ta, don haka na jera bulo na tada fangali, na cika shi da ƙasa mai kyau da takin tumaki. Safe da yamma ina ban ruwa. Kafin ka ce me yakuwa ta miƙe shar, har na fara yi wa Hajiya albishir.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne barewar ɗanta. Don kwalliya ya ajiye ta a gonar, tana yawonta tsakanin dabinai, ga manyan idanu kamar ba ta san mugunta ba. Ranar da na fito da kwano zan yi tsinkar farko, sai na same ta tsaye cikin fangalin tana tauna. Ta aske shi tas, sai guntayen karare. Innalillahi! Ni da ma ba a san ni da sanyin zuciya ba. Na wawuri muciya na bi ta da gudu, ina cewa yau sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi.

Sai na ji murya ta taga. "Ke! Ajiye muciyar nan. A Madina kike, nan ko tsuntsu ba a firgitawa."

Na tsaya cak. Rabon da in ji Hajiya ta ɗaga murya tun kafin ciwon. Na koma na zauna bakin fangalin ina kuka, na kama karan farko zan tuge.

"Kada ki tuge!" in ji ta. "Kawo keken marasa lafiyar nan ki fito da ni."

Matar da ko tsakar gida ta ƙi leƙawa, sai ga ta a gona. Ta duƙo ta duba kararen ta ce, "Wauta dai. Ai yakuwa sai an datse mata kai take yin reshe. Uwata da farce take tsinke nata. Dabbar nan aiki ta rage miki, ke dai yi shinge."

Daga ranar ta zama shugabar lambu. Shingen farko da na yi da rassan dabino gajere ne, barewa ta tsallake shi a gabanmu kamar wasa, Hajiya ta yi dariya har da tari. Ta sa aka kira ɗanta, ya zo yana ba ta haƙuri da Larabci, "Ma'alesh, ya ummi," ta ce ba ma'alesh take so ba, dogayen rassa take so. Shi da kansa ya tattare jallabiya ya kakkafa su, ƙayar tana kallon waje, muka ɗaure da igiya, muka rufe sama da raga. Kullum sai na turo ta ta duba, ta yi faɗa kan ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Faɗan nan kuwa yunwa yake sa ta, har ta fara cewa a miƙo mata ɗan burodi.

Maganarta ta tabbata. Kowane kara ya fid da rassa, ganye ya ninka na da. Na yi miya da gyaɗa, na tuƙa tuwo mai laushi, na ajiye a gabanta. Ta yi bismilla, ta kai loma. Ta ƙara, ta sake ƙarawa, hawaye na bin kumatunta. Sai da ta suɗe kwanon ta dube ni ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan. Gobe ki gyara."

Wallahi ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba. Mustashfa kuwa ba ta koma ba, ta ƙara shekaru a cikinmu tana ci tana faɗa.

Abin da na koya shi ne, in ɓarna ta same ka kada zafin rai ya sa ka tuge saura, don mai saiwa a ƙasa bai mutu ba. Tsoho kuma ba lallashi kaɗai yake so ba. Ka ba shi abin da zai gyara maka, ka ga yadda zai miƙe.