Ranar da Yaya Ta Ƙaryata Kanta

Yayata ta shekara goma sha huɗu a ɗakin na'urori na wani asibiti, ɗakin da babu taga, ga sanyi kamar cikin firji. Rigar sanyi ɗaya take ratayewa a bayan ƙofa, har gwiwar hannun ta huje. Duk hoton ƙashi da na huhu da likita zai buɗe a kwamfutarsa, daga wajenta yake fitowa. Mu a gida mun daina tambayarta aikinta, don in ta fara bayani sai abinci ya huce.

Bara aka kawo mata sababbin faifan ajiya guda takwas, irin waɗanda babu abin da ke juyawa a cikinsu, aka haɗa su wuri guda. Sai aka zo kan tsarin jera fayil da za a ɗora musu. Akwai tsohon da ta sani kamar tafin hannunta, akwai kuma sabo wanda Dogo, abokin aikinta, ya dame ta da yabonsa. Ta ce a gwada a ga wanda ya fi saurin karanto fayil. Tsohon ya ci da rata mai yawa. Ta kai wa shugabansu sakamako, ta yi kwana biyu tana tsokanar Dogo.

Ranar Asabar tana wanke-wanke a gidana sai na ga ta tsaya, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Yaya, lafiya?"

"Ƙanwata, na yi shirme. Ina gama kwafe hotunan a kan tsohon na gwada shi. Ai suna nan a ƙwaƙwalwar na'urar, ko faifan ba ta taɓa ba. Shi kuwa sabon, sai da na kashe na'urar na kunna, ƙwaƙwalwar ta goge."

"Dogo ya sani?"

"Ina zai sani? Ba wanda zai taɓa sani."

Na ce to ta ja bakinta mana. Kallon da ta yi mini ya sa na koma kan tukwanena.

Litinin ta sake gwajin sau biyar-biyar, kowane karo sai ta kashe na'urar tukuna. A ƙananan fayiloli kusan kunnen doki suka yi. A manya kuwa, kuma hotunan asibiti duk manya ne, sabon ya wuce. Ta buga takardar, ta kira Dogo, suka shiga ofishin shugaba tare, ta faɗi kuskurenta da bakinta.

Yanzu sabon tsarin take lallaɓawa, tana koyonsa a wajen Dogo, tana mita tana dariya. Ni dai ina alfahari da ita. Kwanaki wani likita ya tare ta a matakala ya ce hotuna sun daina sa shi jira a gaban maras lafiya, ya tambaye ta me aka canja.

"Shawarar Dogo ce, Likita," in ji ta, ta wuce ɗakinta.